Ana Tsoro Ana Leƙe: Me Ke Jan Mu Zuwa Kallon Abin Firgici?

Duk ranar da gardawa suka shigo kasuwa da kurarsu, ciniki tsayawa yake yi. Mai tumatir ya bar wa maƙwabcinsa tire, ɗan dako ya jingine baro, yara su ɓullo ta kowace kusurwa. Kurar na tafe da takunkumi a baki da sarƙa a wuya, gardi ya naɗe ƙarshen sarƙar a hannu, damatsansa cike da layu da kambuna, makaɗi na biye da shi. Gardi ya ɗan saki sarƙa, kura ta zaburo, sai a watse da ihu, wani ya bar silifas ɗaya a wurin. Kafin minti guda an dawo, kuma an matso fiye da ɗazu. Ba wanda aka ɗaure a wurin. Wasu ma kuɗi suke jefawa don a ƙara sakin sarƙar.

Mutanen nan dai su ne za ka gani a mota idan an iso inda aka yi hatsari: direba ya rage gudu ba don hanya ta toshe ba, fasinjoji suna salati suna miƙa wuya ta taga. Su ne uwar gidan da ba ta iya tsayawa a yanka kaza a gabanta, amma ba ta yarda shirin Inda Ranka na Freedom Radio ya wuce ta, sai ta ji labarin wanda aka tsinci gawarsa a kango da wanda aka kama da sassan jikin mutum. Su ne saurayin da zai kalli fim ɗin fatalwa da ƙarfe ɗayan dare, sannan ya kwana da fitsari a mara don ba zai iya ratsa tsakar gida ba. Bayanin da aka fi yi wa wannan hali shi ne zukata sun bushe, zamani ya lalace, waya ta kashe tausayi. Ni dai ban gamsu ba. Halin ya girmi waya, ya girmi rediyo, kuma ba mu kaɗai ke da shi ba.

A wani littafi da ya wallafa a 1871, masanin halittu Charles Darwin ya ba da labarin gwajin da ya yi a gidan namun daji na Landan. Ya sa maciji mai rai a jakar takarda, ya ɗan rufe bakinta, ya ajiye a kejin birai. Biri ɗaya ya lallaɓo, ya buɗe, ya leƙa, ya zura da gudu. Sai ka ce shi ke nan, sauran sun ga yadda ɗan'uwansu ya kwashe, za su yi nesa da jakar. Ina! Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa zuwa, kowanne ya karkata kai, ya saci kallo, ya tsere. A dajin Serengeti na Tanzaniya kuma, wata mai bincike, Clare FitzGibbon, ta daɗe tana lura da bareyi, ta wallafa abin da ta gani a 1994. Barewa za ta hangi zaki ko wani mafaraucin dawa, maimakon ta arce sai ta matso, ta tsaya a tazarar da ta san za ta iya tsira, ta zuba masa ido, wani lokaci har ta bi shi a baya. Matasan bareyi ma suna yi, alhali su ne hatsarin ya fi yawa a kansu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gudu yana cin ƙarfi, kuma barewar da ke arcewa duk sanda ciyawa ta motsa ba za ta taɓa yin kiwo ba. Wadda ta koyi bambance zakin da ke farauta da wanda ya ƙoshi yake neman inuwa, ita ce za ta ci ta kuma rayu. Wannan ilimi kuwa ba a samunsa sai an kalli zakin.

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk binciken da aka yi kan wannan fanni shi ne labarin wata mata a Amurka da masana ke kira S.M. don sakaya sunanta. Wata cuta da ba a cika samu ba ta lalata mata amigdala, wani ɗan sashe a can cikin ƙwaƙwalwa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, wanda ke da babban hannu wajen jin tsoro. Masu bincike na Jami'ar Iowa sun ba da rahoto a 2011 cewa sun kai ta shagon da ake sayar da macizai. Ita da bakinta ta sha cewa ta tsani maciji, amma tana shiga ta ɗauki ɗaya tana shafa shi, har harshensa ta taɓa, ta kuma dinga roƙo a bar ta ta taɓa manyan da aka ce mata suna da hatsari. Da aka tambaye ta, sai ta ce son sani ne ya rinjaye ta. Suka kai ta wani gidan tsoratarwa, irin wanda ake biya a shiga mutane sanye da kayan dodanni suna faɗo wa baƙi daga duhu. Ita ta shige gaba, har ta sa yatsa ta tsokani kan wani dodon don ta ji yadda yake, shi ne ma ya razana. Wato abin firgici yana tayar da abu biyu a lokaci guda, ɗaya na cewa matsa ka gani, ɗaya na cewa ja da baya. Ita matar nan na biyun ne ya mutu, na farkon yana nan daram. Mu da muke da duka biyun, sai muka zama masu rufe fuska da tafin hannu muna leƙe ta tsakanin yatsu.

To me ake nema a leƙen? A wani bincike da aka wallafa a 2016, wasu masana biyu, Christopher Hsee da Bowen Ruan, sun zaunar da ɗalibai a ɗaki, suka zube musu birori a tebur wai su yi wasa da su kafin a fara aiki. Wasu birorin idan ka latsa sai wuta ta ja ka. Inda aka yi wa kowane biro alama, wannan yana ja wancan ba ya ja, ɗaliban ba su cika damuwa da su ba. Inda aka bar su cikin duhu, ba a san wanne ne wanne ba, nan suka fi latsawa, suna shan wuta suna ƙarawa. Ba zafin suke so ba, zama cikin rashin sani ne ya fi ƙarfinsu. Suzanne Oosterwijk ta Jami'ar Amsterdam ta ƙara haske a 2017. Ta ba mutane zaɓi tsakanin hoton da ba komai a cikinsa da hoton mutuwa ko tashin hankali, kuma da yawa suka zaɓi na biyun da kansu. Amma hotunan da suka fi jan su su ne waɗanda ke nuna wani abu na faruwa tsakanin mutane, sama da hoton rauni ko jini tsagwaronsa. Ashe labarin ake bi: wa ya yi, wa aka yi wa, ta yaya aka kai ga haka.

Duk wanda ya zauna gaban malaman hadisi ya san maganar Huzaifa ɗan Yaman, Allah ya yarda da shi, da ke cikin Bukhari da Muslim: mutane sun kasance suna tambayar Manzon Allah (SAW) game da alheri, shi kuwa yana tambayarsa game da sharri don tsoron kada ya riske shi. Ban ga wani bayani na masana da ya fi wannan taƙaita al'amarin ba.

Coltan Scrivner, wanda ya fi kowa zurfafawa a wannan fanni a 'yan shekarun nan, ya fitar da ma'auni a 2021 inda ya kasa sha'awar gida huɗu: son sanin tunanin mugayen mutane, son ganin faɗa da tashin hankali, son ganin abin da ke samun jiki idan ya ji rauni ko ya mutu, da son labarin abubuwan ɓoye masu cutarwa, wanda a wurinmu nan ne aljanu da mayu da fatalwa suke. Na farkon shi ne ke riƙe da kasuwar labaran kisan gaske a duniya, kuma mun ga ƙarfinsa a Kano a watan Janairun 2022, lokacin da aka gano gawar Hanifa Abubakar, yarinyar nan 'yar shekara 5, ta kuma tabbata mai makarantar da take karatu ne ya sace ta ya kashe ta. Kowa so yake ya ga fuskar mutumin, ya ji muryarsa. An kalli bidiyon da yake amsa tambayoyin 'yan jarida, an maimaita, an bi shari'ar har zuwa Yulin shekarar da kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Masu kallon nan akasarinsu iyaye ne, kuma abin da suke lalube a fuskarsa shi ne alama. Suna so su ga wani abu a idonsa ko a maganarsa da zai sa su ce, da ni ne da na gane shi. Abin da ya girgiza garin shi ne babu alamar. Mutum ne irin wanda kake miƙa wa ɗanka kowace safiya kana yi masa godiya.

Nan ne kuma za a fahimci abin da ke ɗaure wa maza kai, wato yadda mata suka fi su bin irin waɗannan labarai. Amanda Vicary da Chris Fraley sun duba sharhin da masu karatu ke rubutawa a shafin Amazon, suka wallafa a 2010 cewa kashi 70 cikin 100 na sharhin littattafan kisan gaske mata ne suka rubuta, yayin da kashi 82 na sharhin littattafan yaƙi maza ne. Da suka ba mata zaɓi, sai suka fi karkata ga littafin da wadda aka kai wa hari mace ce, da wanda ke bayyana dabarar da wata ta yi ta kuɓuta, da wanda ke tona abin da ya sa makashin ya aikata. Idan aka haɗa wannan da alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya, cewa cikin mata da 'yan mata kusan 85,000 da aka kashe da gangan a 2023, kimanin kashi 60 miji ne ko saurayi ko ɗan'uwa ya kashe su, sai lissafin ya fito. Namiji yana tsoron ɗan fashi a hanya. Mace kuwa hatsarinta sau da yawa yana da makullin ɗaki. Matar da ta kasa kunne tana sauraron yadda rikicin wasu ma'aurata ya fara da ƙwace waya ya ƙare a makabarta, karatu take yi.

Sai dai ba duka ne karatu ba, kada mu yaudari kanmu. Akwai daɗi a ciki. Paul Rozin, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Pennsylvania, ya kwatanta shi da cin barkono: baki na ihu wai wuta ta kama, ƙwaƙwalwa ta san ba abin da ke ƙonewa, daɗin kuma yana cikin wannan saɓani. Jiki ya saki sinadaran shirin gudu, zuciya ta buga, tafin hannu ya jiƙe, alhali kana zaune a kujerarka. Da abin ya wuce sai wani sanyi ya sauko. A Jami'ar Aarhus ta Denmark akwai ɗakin bincike sukutum da aikinsa ke nan, nazarin tsoron da mutane ke nema don nishaɗi. A wani bincike da suka wallafa a 2020, sun ɗaura wa mutum 110 na'urar auna bugun zuciya a wani gidan tsoratarwa da ke garin Vejle. Suka samu cewa wanda bai tsorata sosai ba ya gundura, wanda tsoron ya yi wa yawa shi ma bai ji daɗi ba, masu jin daɗin suna tsakiya.

Kakanninmu ba su san Aarhus ba, amma sun san wannan awon. Tatsuniya da dare ake yin ta, bayan an ci tuwo, yara sun kewaye tsohuwa. Ta ce ga ta nan ga ta nanku, su ce ta zo mu ji ta. Dodo ya fito, ya tare yarinya a bakin rafi, ya haɗiye gari guda da shanunsa. Tsohuwar tana kallon fuskokinsu a hasken fitila. In ta ga ƙaramin ya fara ƙanƙame zaninta sai ta sassauta murya, ta jefo Gizo ya yi wata wauta a yi dariya. In ta ga manyan sun fara hamma sai ta ƙara wa Dodo haƙora. Daga ƙarshe a farke cikin Dodo mutane su fito, ta ce ƙurunƙus, kowa ya tafi ya kwanta. Yaro ya ɗanɗani tsoro a cinyar wadda ya fi amincewa da ita, ya ga tsoro yana zuwa yana wucewa, ya kuma ji cewa ba a zuwa rafi da magariba. Scrivner da abokan aikinsa na Aarhus sun samu wani abu mai kama da haka ga manya a farkon annobar korona: cikin mutum 310 da suka tambaya a 2020, masu son finafinan ban tsoro sun fi sauran nuna ƙarancin damuwa. Binciken ƙarami ne, kuma bai nuna finafinan ne suka jawo hakan ba, amma ya dace da tunanin cewa wanda ya saba riƙe kansa a tsoron wasa yana da ɗan abin dafawa idan na gaske ya zo.

Game da zancen lalacewar zamani kuwa, tarihi bai goyi bayansa ba. Aflatun, masanin falsafar tsohuwar Girka, ya kawo labarin wani Leontius da ya biyo ta inda aka zubar da gawarwakin waɗanda aka kashe a wajen ganuwar birnin Atina, ya rufe ido, ya yi ta kokawa da ransa, daga bisani ya ruga ya buɗe idanun yana zaginsu, wai su kalla su ƙoshi. A Faris ta ƙarni na 19 ana jera gawarwakin da ba a san masu su ba a bayan gilashi don dangi su gane nasu, sai wurin ya zama wajen yawon buɗe ido, dubban mutane a rana, har da yara, sai a 1907 aka rufe ƙofar. A nan gida, ranar 8 ga Satumban 1971, an ƙiyasta mutum 30,000 ne suka cika bakin teku na Bar Beach a Legas don ganin an harbe ɗan fashin nan Ishola Oyenusi. Babu wanda ke da Facebook a cikinsu.

To idan halin tsoho ne, kuma yana da amfani, ina matsalar take? A ganina tana cikin abin da duk misalan da suka yi kyau suka haɗu a kai, wanda wayar hannu ta rushe. Kurar gardi tana da sarƙa. Barewa ita ke zaɓar tazararta. Tatsuniya tana da tsohuwa mai auna fuska, tana kuma da ƙarshe. A lura da inda aka yi yawancin binciken nan: Denmark, Holan, Amurka. Wanda ya fito daga gidan tsoratarwa na Vejle zai hau jirgin ƙasa ya koma gida ba tare da tunanin za a tare shi ba. Mutumin Shinkafi ko Birnin Gwari ko Tilaberi da aka turo wa bidiyon gawarwaki a gefen titi, titin da zai bi gobe ne zuwa kasuwa. Wannan ba tsoron wasa ba ne da zai koya masa jarumta. Kuma bidiyon ba ya gaya masa komai da zai kare kansa da shi. Sau da yawa babu rana, babu sunan gari, sai jini da kururuwa da muryar mai ɗauka yana salati. Yana gamawa wani ya shigo.

An auna abin da irin wannan ke yi wa mutum. Bayan harin bam da aka kai wa gasar tsere a birnin Boston a 2013, masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine suka tambayi mutum sama da 4,000. Waɗanda suka riƙa shafe awa 6 ko fiye a rana suna bin labarin a kafafen yaɗa labarai sun nuna alamun firgici fiye da waɗanda abin ya faru a gabansu ko ya shafi nasu kai tsaye. Wanda yake wurin ya gani sau ɗaya, abin ya wuce. Mai waya kuwa a hannunsa bam ɗin ke ta tashi. Tun shekarun 1970 George Gerbner ya nuna cewa masu yawan kallon talabijin suna ɗaukar duniya ta fi yadda take haɗari, suna kuma rage yarda da mutane. A ƙasar da ake iya taruwa a kashe baƙo kan jita-jitar satar yara ko satar mazakuta, rashin yarda da mutane ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma wata dabara da zuciya ke yi don ta samu sauƙi, wadda nake ganin ta fi kallon kansa muni. A 1966 Melvin Lerner ya sa ɗalibai suka kalli wata da suke zaton ana azabtar da ita da wutar lantarki. Da suka ga ba su da ikon taimaka mata, sai suka fara ganin baƙinta, wai da ma halinta ba shi da kyau. Muna son mu yarda bala'i yana da dalili, don in yana da dalili to za mu iya kauce masa. Shi ya sa a ƙarƙashin kowane labarin kisa za ka tarar da masu cewa me ya kai ta ɗakinsa, wa ya aike shi tafiyar dare, ai da ma an ce ba ta jin magana. Mai faɗin haka ba lallai mugu ba ne. Kansa yake lallashi, amma da mutuncin mamaci yake biya.

Waɗanda suka fi kowa fahimtar wannan hali namu su ne masu kashe mu. Ranar 20 ga Mayun 2014 bam ya tashi a kasuwar Terminus ta Jos, mutane suka taru, masu ceto da masu kallo, sai na biyu ya tashi. Aƙalla mutum 118 suka rasu. An tsara na biyun ne bisa sanin cewa za a taru. Waɗanda suka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari ranar 28 ga Maris 2022 sun fitar da bidiyo a watan Yuli suna dukan fasinjojin da suke tsare da su. Ba su da gidan talabijin, ba su kuma buƙace shi ba, mu muka raba musu shi kyauta har ya isa wayar 'ya'ya da matan mutanen da ake duka, waɗanda da ma su ake so su gani don a matsa a biya. A 2018 kuma binciken BBC ya gano cewa wasu hotunan da aka yaɗa a Facebook lokacin rikicin Filato na watan Yuni, aka ce na waɗanda aka kashe ne, ba su da alaƙa da rikicin, ɗaya ma daga Kongo Barazabil aka ɗauko shi. 'Yan sandan jihar sun ce hotunan sun taimaka wajen hura wutar ramuwa, aka tare hanya aka fito da matafiya daga motoci aka kashe.

Sannan ga wanda ke cikin hoton, wanda ba a taɓa tambayarsa ba. A 2022 Netflix ta fitar da wasan kwaikwayo kan Jeffrey Dahmer, wanda ya kashe maza da yara 17 a Amurka tsakanin 1978 da 1991. Cikin kwana 60 an kalle shi sama da awa biliyan ɗaya, yayin da wasu daga dangin mamatan suka fito suka ce ba wanda ya tuntuɓe su, sai ganin kukansu suka yi an mai da shi abin nishaɗi. Namu salon shi ne mutum ya fara sanin rasuwar ƙaninsa daga hoton gawarsa a Status ɗin wani, fuska a buɗe, tufafi a yage. Mu ne fa mutanen da idan an yi rasuwa ake gaggawar rufa wa mamaci zani, ake zaɓar amintacce ya yi wanka don kada ya faɗi abin da ya gani. Haka holen da 'yan sanda ke yi wa waɗanda ake zargi gaban kyamara tun kafin a je kotu: jama'a na so, 'yan jarida na so, amma wanda aka wanke daga baya ba mai sake tara kyamarori dominsa. Jihar Legas ta haramta wannan holen a gyaran dokar da ta yi a 2021. Hatta masu share mana ƙazantar ba su tsira ba. A Nairobi, ma'aikatan da aka ɗauka su riƙa tace abin da ake ɗorawa a Facebook, cikinsu har da masu duba na Hausa, sun kai ƙara kotu a 2023, kuma takardun likita da aka gabatar a ƙarshen 2024 sun nuna sama da 140 daga cikinsu na fama da ciwon firgicin da ke bin wanda ya ga bala'i.

Addini bai ce a kawar da kai daga ƙarshen azzalumai ba. Alƙur'ani cewa ya yi a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen masu laifi ya kasance, kuma waƙoƙin wa'azi na Hausa sun siffanta kabari da wuta dalla-dalla har gashin jiki ya tashi. Amma a hanyar Tabuka, da aka iso Hijr, kufan Samudawa, Manzon Allah (SAW) ya ce wa sahabbai kada su shiga gidajen waɗanda aka azabtar sai suna masu kuka, sannan ya rufe kansa ya ƙara sauri har ya wuce kwarin. An halatta dubawa, an kuma faɗi halin da za a duba a ciki da tsawon tsayuwar.

Wahalar ita ce mai turo bidiyon nan ba maƙiyi ba ne. Yawanci baffa ne ko kawu a zauren WhatsApp na dangi, mutumin kirki, ya rubuta Innalillahi a sama, a ƙasa kuma ya ce a tura wa kowa don a yi hattara. Da gaske yake, gargaɗi yake ganin ya yi. Ba za ka ce masa ya daina ba, ba tarbiyya. Abin da ake iya yi shi ne a bi shi ta gefe a gaishe shi, a ce: "Baffa, Allah ya ƙara girma, wannan abin a wane gari ya faru, kuma yaushe? Ko za mu sanar da su Yaya da ke bin hanyar." In ya sani, to an samu abin amfani, a kira Yaya a gaya masa da baki, ba sai ya ga gawa ba. Amma galibi sai an ɗan jima amsar ke shigowa: "Wallahi ɗana, ni ma turo mini aka yi."